Sandunan Golf a Hannun Kawu Mamman

Zuwa ga Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali da zaman Kaduna? Mu nan Bagudo lafiya lau, shinkafa ta yi kyau.

Sandunan golf da Baturen ofishinku ya bar maka da zai koma ƙasarsu sun iso. Na kankare tsohuwar fatar mariƙin, na shafa ƙaro, na naɗa sabuwa. Sau uku ina yi, da na kaɗa sai ta warware. Raina ya ɓaci, don da su za ka fita gaban mutane.

Sai na kai wa Kawu Mamman baduku a Lolo. Idonsa ya raunana, amma yana shafawa ya yi tsaki. Ya jiƙa fatar, ya ja ta, ya juya naɗin ta ɗaya gefen. Tana bushewa ta kama gam! Na tambayi dalilin juyawar, ya ce, "Kai, ka manta yayanka bahago ne? Na sha bugun hannun nan nasa a bakin akushi yana yaro, bai daina ci da shi ba. Yau ga ni ina yi masa hidima."

A gaida mutanen gida. A sa idon Kawu a addu'a.

Ƙaninka,
Sani