Ɗakin da Ke Numfashi

Assalamu alaikum, Yaya Haruna.

Ina gaishe ka da kyau. Ya jiki, ya zafin Jidda, ya Hajiya da yara? Mu nan alhamdulillahi, an fara ɗibar auduga.

Ɗiyata Nafisa, mai karatun zanen gini a birnin Madani, ta zo da 'yan ajinsu sun gina ɗaki a kangon marigayi Baba. Ba siminti, laka ce da karan auduga. Sun bar ƙananan kafofi a bango, wai kwaikwayon yadda ganye ke shaƙar iska. Ko da tsakar rana ciki sanyi ƙalau.

Sai dai Yaya, ɗakin yana numfashi, a hankali, da 'yar sarƙewa, irin na Baba a ciwon ajalinsa. Nafisa ta ce iska ce, ta toshe kafofin duka. Na shiga da azahar, na sake jin sa.

Yanzu Inna can take wuni. Jiya na kai mata shayi, ta ce, "Ƙaro kofi, Malam ya farka." Na koma na ɗauko wani kofin.

Ka sa mu a addu'a, in da hali kuma ka zo. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi