Atamfar da Ba Ki Ɗaura Ba

Lozells, Birmingham
Lahadi, farkon watan Afrilu

Zuwa ga Hajiya Hadiza,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta wanda ya rage zuwa ga wadda ta riga shi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun shekarar da ɗanmu Nasiru ya fara takarar kansila. Kin hana ni yin ta kina raye. Yau zan yi ta.

Kin tuna lokacin da Amurka ta zaɓi baƙar fata ya shugabance ta? Washegari kika soya waina, kika bi maƙwabta kina rabawa, har tsohuwar nan 'yar Jamaika ta rungume ki tana kuka. Ni kuwa ina zaune da kofin shayina na ce a bi a hankali. Kika ce, "Malam, kai dai ba ka iya murna ba." Gaskiyarki. Wanda ya zo ƙasar nan karatu, ya yi digiri har na uku, ya koyar da yaran da daga baya aka ɗora su a kansa, ya gaji ya koma tuƙin bas, ba ya saurin murna. Nasiru yana sakandare a lokacin. Ya manna hoton mutumin a bangon ɗakinsa, kika ce mini ga abin da ɗanki zai zama.

Da ya girma jam'iyya ta tsayar da shi a wata unguwa can bayan gari, inda kusan kowa Bature ne. Ba ki yi shawara da kowa ba. Kika buga wa ƙanwarki waya Kano, aka buga atamfa mai hotonsa kamar yadda ake yi wa ɗan takara a gida. Koriya ce, fuskarsa a cikin da'ira, yana murmushin nan nasa na gefe guda. Matan unguwa suka ɗauki anko. Telan da ke bayan shagon nama ya ɗinka miki riga da zane da ɗankwali, kika gwada a gaban madubi kina juyawa kamar amarya. Ni ma na sauko da babbar rigata aka goge.

Sai Nasiru ya zo da matar da ke kula masa da kamfe. Ta ci tuwonki, ta shafa atamfar, ta yaba launinta. Da ta fita mota, ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon ƙasa. Ya ce, "Mama, mutanen can ba su saba ba. A bari sai an ci zaɓe." Kika ce to. Wannan "to" ɗin har yanzu yana mini ciwo.

Da fosta ta fito, sunansa ya koma Nas. Ga shi a filin shaƙatawa ya durƙusa yana shafa kare. Yaron da tun yana ƙarami in ya hango kare sai ya ɓuya a bayan zanenki! Aron karen suka yi wurin wani ɗan jam'iyya. Kare ya shiga fosta, Hajiya, mu ba mu shiga ba.

Sau ɗaya na bi shi neman ƙuri'a gida-gida. Na sa kwat, na bar hulata a mota, kamar yadda ya roƙa. Aikina in tsaya a bakin shinge. Wani tsoho ya buɗe ƙofa, ya saurare shi, ya riƙe masa hannu ya ce, "Zan zaɓe ka, kai ba kamar sauran ba ne." Nasiru ya yi masa godiya. Ni ne sauran, ina tsaye a bakin shinge ruwa yana dukan sanƙona. Ban taɓa gaya miki wannan ba, don na san za ki nemo masa uzuri.

Ya ci zaɓen. Kika fito da kayan kika shimfiɗa a kan gado tun safe. Da azahar ya bugo waya cewa zauren da za a yi walimar ya yi kaɗan, zai zo mu yi tamu a gida. Ya zo, amma bayan kin ninke su. Zaɓe na biyu ma aka ce a bari tukuna. Kafin na uku ciwo ya kwantar da ke.

Ana ta cewa zamani ya canza, Turawa yanzu suna zaɓen baƙi. Suna zaɓa, ban musa ba. Amma ɗai-ɗai suke karɓa, kuma sai an kakkaɓe mutum tas, ba uwa, ba uba, ba hula, ba sunan da zai ba harshensu wahala. Shi kansa na Amurkan, bayan sun gama tafi, shekaru suka yi suna tambayarsa takardar haihuwa. Idan mai fadar ƙasa guda bai tsira ba, ina ga ɗan direban bas?

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Nasiru yana Manchester yanzu, a Withington yake zaune, yana neman kujerar majalisa a wani yanki da ke kusa. Watan jiya ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ko akwai hoton Mama cikin kayan aiki, lokacin tana aiki a gidan kula da tsofaffi?" Mashawartansa sun ce masu zaɓe suna son labarin uwa baƙuwa da ta sha wahala. Kin ji ko? Yanzu suna son ki. Uwar da ta rasu ba ta ɗaura ɗankwali mai tsayi, ba ta guɗa, ba ta zuwa da ƙawayenta.

Na so in ce a'a. Na yi kwanaki ina shirya kalmomin da zan faɗa masa, masu nauyi, irin waɗanda na iya a da. Amma duk sanda na ɗauki waya sai in ji muryarki: "Malam, ɗanka ne." Na aika masa.

Jiya takardar kamfen da ya aiko mini ta iso. Ga ki nan a shafin farko, cikin shuɗiyar rigar aiki, kin gaji, kina murmushi. Yanzu ana tura ki ta ƙofar kowane gida, irin gidajen da aka ce ba su saba da ke ba. Na daɗe ina kallonki. Kin yi kyau, Hadiza. Ban cika faɗa miki ba.

Ban tsine masa ba, kada hankalinki ya tashi. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ko da yake ban san me zan roƙa masa ba, nasara ko dawowa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya tufatar da ke da abin da ya fi wanda aka hana ki. Allah Ya haɗa mu a inda ba a tsayar da kowa a bakin shinge.

Atamfar tana ƙasan akwatinki yadda kika ninke ta. Ba ki taɓa fita da ita ko ƙofar gida ba.

Mijinki,
Malam Tanimu