Baba, Kafin In Sayar da Gonarka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Abdu Magini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Jiya Litinin dillali Malam Sada ya damƙa mini makullin wani sabon gida a bayan Ƙofar Guga. Ya ce in duba son raina, amma ran Juma'a yake son amsa, wai akwai wani mai saye da ke jira. Bai faɗi sunan mutumin ba. Idan na amsa, gonarka ta hanyar Batsari, wadda ta faɗo a rabona, ita zan sayar in biya.

Tun da soja suka koma bariki gine-gine ke ta tsirowa a bayan ganuwa. Mai wannan gida ɗan kwangila ne da ya shiga siyasa. Guda shida ya jera a layi ɗaya, an sa harsashi bayan kaka, an shafa fenti kafin bazara. Ko ɗigon ruwan sama bai taɓa sauka a kansu ba.

Kai kuwa cewa kake yi, "Gida da damana ake sayen shi. Da rani kowane bango mutumin kirki ne."

Na tuna ranar da wani attajirin Babbar Kasuwa ya roƙe ka ka duba masa gida. Ka ƙi zuwa har sai da hadari ya haɗu. Muka tsaya a zaure ana sheƙa ruwa, ba ka ko kalli ɗakunan ba, idonka na bin inda ruwan tsakar gida ya nufa. Da ya taru a gindin bangon gabas ya ƙi fita, ka naɗe tabarmarka muka tafi.

Yau da safe na shiga gidan ni kaɗai, na yi abin da na ga kana yi. Na ƙwanƙwasa bango ɗaki ɗaki. A wurare uku yaɓen ya amsa kamar ƙwarya. Na kankari wani bulo da ya rage a bayan gida da makullin, yashi ya zubo mini a tafi. Ƙofar ɗakin tsakiya tana cijewa a ƙasa, alhali ba a taɓa kwana a ciki ba. Kwatar da aka yi ta fita waje ta ƙare a jikin katangar maƙwabci. A gindin bangon yamma kuma fentin ya fi na sama kauri, kamar an maimaita shi. Malam Sada ya ce ragowar fenti ce aka ƙi zubarwa.

Takardar filin da ya nuna mini kwafi ce, sunan da ke kanta kuma ba na mai sayarwa ba ne. Ta ainihin, in ji shi, tana Kaduna.

Duk wannan da sauƙi, Baba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kududdufin nan da jakunanka ke ɗebo ƙasar gini. Na san a wannan shiyya yake, kusa da wata tsamiya. An sare tsamiyar, an cike ramin, ni kuma na kasa tantance inda yake. Na tambayi dattawa biyu. Ɗaya ya ce layin gidajen a kansa yake zaune, ɗayan ya ce ramin na can gaba wajen makarantar allo. Aikin jarida ya koya mini kada in buga labarin da shaidu biyu suka saɓa a kansa. Bai koya mini yadda ake jin ƙasa da tafin ƙafa ba, kamar yadda kake cire takalmi ka taka fili ka ce, "Nan cikau ne, ba ƙasar asali ba."

Binta, surukarka, ba ta matsa mini ba. Amma na ga ta auna tagogin da gyalenta saboda labule. Shekara tara muna ɗaki biyu a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, jikokinka huɗu yanzu, har da mai sunanka da ba ka gani ba. Na kasa ce mata a fasa, na kuma kasa sa hannu a kan gonar da ka ce daga gare ta ka ciyar da mu shekarar da gini ya yi wuya.

Da kana nan, Babana, takalmi kawai za ka cire, magana ta ƙare.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya gina maka gida a Aljanna. Mu kuma Ya nuna mana gaskiyar wannan ƙasa kafin mu kwantar da yara a kanta. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Lawal.

Ina ninke takardar nan sai ga saƙo daga tsohon abokin aikinka, Malam Iro mai haƙar rijiya. Ya ce waɗanda suka haƙa ramin masai na gida na uku a layin gidajen nan shida sun ciro ledoji da tsofaffin takalma a zurfin gaba biyu. Shi ma ji ya yi. Wanda ya riƙe digar yana Jibiya, sai Asabar zai dawo.