Buhunan Yashin Ba Su Jiƙe Ba, Inna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwarta, ina fatan makwancinki da sanyi. Kin san ni da nauyin baki, shi ya sa na ɗauko biro.

Inna, dam ɗin ya tare ruwan.

Kin tuna shekarar da ambaliya ta shigo har ɗakinki? Kika ɗora kwallarki a ka, kika ratsa ruwa iya gwiwa zuwa gidan Gwaggo. A cikinta nake ɓoye littattafan soyayyata, ƙarƙashin zannuwanki. Muna isa kika sauke min ita kika ce, "Ungo masoyanki, ba su jiƙe ba." Wallahi ji na yi kamar in nutse. Ashe tuntuni kin sani.

Da aka zo awon wurin dam, gayaunarki ta faɗa ciki. Mata suna ta cewa wai tulin ƙasa ne zai tsare ruwa? Kika ce, "Ɗakina ma ai ƙasa ne, kuma a ciki na haife ku." Kika tsinke kuɓewarki ta ƙarshe, kika bar wa masu awon gayaunar. Ba ki ga cikarsa ba.

Bana Baba ya rantse in ruwa ya sake shigo mana gida, Gumel za mu koma, mu bar ɗakinki, mu bar ki nan bayan gari. Ni kuwa sai na cika buhuna da yashi na jera a zaure, bibbiyu, bakin ɗinkin yana kallon ciki, yadda kika koya min.

Aka kwana uku ana sheƙa ruwa. Ya gangaro, ya tarar da tudun ƙasar nan, ya kwanta abinsa. Yanzu shanun Fulani ke sha a bakinsa. Can nake zuwa da littafina, daidai inda kan aduwar gayaunarki ya leƙo daga ruwa, amma fa ba na wuce shafi biyu.

Jiya Baba ya zunguri buhu ɗaya da ƙafa, yashi ya zubo busasshe. Ya ce, "Kwashe su, na gaji da tsallake." Yau da safe na tarar da shi yana kwaɓa ƙasa, zai yi wa ɗakinki yaɓe.

Na gode, Inna. Allah Ya kai haske kabarinki, Ya sa gayaunar nan ta zame miki sadaka mai gudana. Amin.

Taki mai kunya,
Autarki