Na Yar da Sandata a Gaban Kowa

Uwargida Drahomira,

Don Allah ki agaza mini kafin Asabar ta sama, domin kunya na nema ta kashe ni, da shekaruna sittin da takwas da jikokina huɗu.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyarmu ta yawon ƙafa, duk mun ajiye aiki. Da hunturu, duk bayan mako biyu mukan hau jirgin ƙasa na safe, mu sauka a wani ƙauye, mu taka ta cikin gonaki da daji, muna yada zango a mashaya uku. Tun a tasha ake jan ashana. Wanda ya ja guntuwa shi ne tsintsiyar ranar: ya rataya usur, ya tsaya a baya tare da wanda ya fi kowa nawa, kada a bar wani a daji. Ba mai son aikin nan, don kafin ka iso an mamaye kujerun kusa da murhu, romon tafarnuwa ya huce.

Ni kuwa shekara talatin na yi ina raba wasiƙu a ƙafa, ƙeyata kawai suka saba gani. Bara aka yi mini aikin gwiwa, na koma baya da sanda ina ƙunƙuni. Ranar farko Malam Vlastimil ne tsintsiya. Tsohon mai gyaran agogo ne, matarsa ta rasu, kamar yadda nawa mijin ya rasu. Yakan nuna mini sawun zomo da na barewa a kan dusar ƙanƙara, ya zuba mini shayi daga fulas ɗinsa, kuma yana sauraro idan ana magana, abin da marigayi mijina bai taɓa koya ba, Allah ya ji ƙansa.

To, ga laifina. Gwiwar ta warke tun Satumba, likita ya ce in ajiye sanda. Ban ajiye ba. Sa'a kuma ta yi ta bi na, sau bakwai a jere guntuwar tana faɗa masa. Shi ne ma ke riƙe ashanar, tunda shi kaɗai ke shan lofe. Kowa ya ja tasa, ta ƙarshe ta rage masa, ya buɗe hannu ya ce, "Ni dai ban da sa'a."

Asabar da ta wuce an yi sanyi mai daɗin tafiya. Raɓa ta daskare a kan kowane reshe fari fat, rana na haske ba zafi, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Muna kan tudu, mashaya ta uku na gabanmu, sai iska ta fizge hularsa, wadda marigayiyar ta saƙa masa, ta yi tafki da ita. Ban san lokacin da na yar da sanda ba. Na tsallake kwata, na gangara a guje, na cafke hular a bakin tafkin. Ina juyowa na ga fuskoki tara a tagar mashaya. Ƙawata Jarmila, wadda bakinta ba ya hutawa, ta buɗe taga ta ƙwala ihu: "Jama'a, gurguwa ta tashi! A kawo mini irin romon da ta sha ɗazu!"

Shi kuwa ya karɓi hularsa, ya ɗauko sandar, ya goge ta da hannun riga, ya miƙo mini ya ce, "Kin yar da wannan, Uwargida." Daga nan bai ƙara ba. A jirgi taga ya yi ta kallo.

Ina son tafiya da mutumin nan, na faɗa. Amma yanzu ya san na yaudare shi wata huɗu. In bar ƙungiyar ne, ko in koma gaba in yi kamar ba a yi ba?

Gurguwar ƙarya, daga Polna

*

Gurguwar ƙarya,

Na yi dariya har da hawaye, amma bari mu fara da mai ɗacin. Kin yi laifi. Mutum tara sun sha jiran ki, wataƙila suna tausayinki har a zuci. Ki nemi afuwarsu a taƙaice, ki bar Jarmila ta yi tsiyarta, ta cancanta. Shi ma yana iya jin haushi. Mutumin da ya rage takunsa saboda tausayi ba zai so ya ga an mai da shi abin dariya ta taga ba, don haka shirunsa a jirgi ba abin rainawa ba ne.

Sai dai ki sake karanta wasiƙarki. Ashana goma sha ɗaya, guntuwa ta faɗa wa mutum ɗaya sau bakwai a jere, kuma a tafin hannunsa take, kuma ita ce ta ƙarshe? Baiwar Allah, babu guntuwa a cikinsu sai bayan kowa ya ja. Mai gyaran agogo ba zai kasa karya tsinken ashana da babban yatsa ba tare da an gani ba. Wata huɗu kina ɗingishin ƙarya, shi yana rashin sa'ar ƙarya, kuna shan romo mai sanyi ku biyu. Kuma ina zargin shirun nan na tsoro ne: tunda kin warke, ba shi da sauran dalilin tsayawa kusa da ke. Shi ya sa ya mayar miki da sandar.

Zan iya yin kuskure, don ban san shi ba. Amma gwajin ba wuya. Kada ki bar ƙungiyar, kada ki koma gaba. Ranar Asabar ki bar sanda a gida, ki tafi da ashanarki, ki ce yau ke za ki riƙe. Kowa ya ja tasa har shi, ke ki buɗe hannu da guntuwa, ki rataya usur, ki tsaya a baya da ƙafafunki biyu lafiyayyu. Sannan ki zuba ido ki ga gwiwar wa za ta fara ciwo.

Allah ya ba da sa'a, ta gaskiya wannan karon.

Drahomira