Na Sa wa Motarka Makunnin Batir, Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko da kana raye ma ba ka karanta boko, ni nake karanta maka. Amma na ɗauki biro, don akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa a gidan nan.

Yau kwana hamsin da biyu da rasuwarka. Jiya na sa wa a-kori-kurarka makunnin nan na batir.

Ka tuna da shi? Tun farkon rani motar ta fara shan batir. Sai a kashe ta da yamma lafiya lau, da safe a murɗa makulli ta yi shiru. Kullum sai an tara mutane an tura ta zuwa gangaren bayan masallaci, kai kuwa ka ƙi jinin roƙon kowa. Ka ce in na shiga Jega in sayo makunnin nan mai jan kai da ake ɗaurawa a kan batir, wanda in an murɗa shi wuta ke yankewa gaba ɗaya, babu abin da zai sha ta. Sau uku kana tambayata. A na ukun na ce maka ya ƙare a shago.

Ƙarya na yi maka, Baba. Tun ranar farko na saye shi. Yana cikin aljihun motar, ƙarƙashin takardu, a ƙunshe cikin baƙar leda. Ranar da na saya na gaji, na ce gobe. Washegari munka tafi Aliero lodin albasa, na ce jibi. Da ka sake tambaya na ji kunyar ce maka ganda ce ta hana ni, sai na ce babu. Daga nan kuma ban iya fito da shi ba, don in ya fito ƙaryata ta fito.

Ban san abin da ka gani ba safiyar da ka faɗi a bakin rijiya. Bari in gaya maka. Hantsi ya yi, maza duk suna fadama wajen ban ruwa. Ni da ƙanwata Dije munka ɗauke ka zuwa gaban mota, bakinka ya karkace, hannunka na dama yana lilo. Na murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Na sake, na sake. Inna ta fito babu takalmi, ta ɗaure gyale a ƙugu, ita da Dije sunka kama turawa. A cikin yashi ne, mata biyu. Ina jin numfashinsu a bayana. Idonka ɗaya a buɗe yake, yana kallona. Kana ganina a lokacin? Ka san abin da ke cikin aljihun da gwiwarka ke taɓawa?

Sai da anka kira maƙwabcinmu Malam Umaru daga gona ya zo da motarsa. Ban duba agogo ba, amma inuwar katanga ta matsa sosai kafin mu bar Maiyama. Ba mu kai ga shiga Jega ba na ji kanka ya yi nauyi a cinyata.

Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanka, ko da an kawo ka nan take da wuya a iya wani abu. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda. Na tsaya a sahun gaba anka sallace ka, na karɓi gaisuwa kwana bakwai a kan tabarma, ana cewa na yi dauriya irin ta maza. Ba dauriya ba ce. Ban ji komai ba ne. Har yau ban yi kuka ba. Ina cin tuwo, ina barci, ina zuwa masallaci. Kamar wani ne ke yi, ni ina gefe ina kallonsa.

Motar ta yi kwana hamsin da ɗaya a inda munka bar ta, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Jiya na ari batir na tayar da ita, na kai ta Jega wurin Ɗanladi mai gyaran wutar mota. Ya yi mini gaisuwa, ya ce shekara ashirin yana taɓa motarka bai taɓa jin ka ɗaga murya ba. Na miƙa masa ledar. Na ce ya tsaya ya nuna mini kawai, da hannuna nake son in ɗaura.

Na kwance baƙar wayar daga kan batir da sifana. Na kankare farin dattin nan da ya daskare a wurin. Na zaunar da makunnin a kan batir, na mayar da wayar a jikinsa, na ɗaure. Ɗanladi ya jijjiga ya ce ya kama. Shi ke nan aikin, Baba. Shayin da ya zuba mini bai gama hucewa ba.

Daga nan ya ce bari ya nemo ɓarawon wutar. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan fitilarsa har ya kai ga rediyo. Rediyon da na haɗa maka da Sallah don ka riƙa jin tafsiri a hanya. Ashe kai tsaye na jona shi da batir, ko an kashe mota yana tsotsa. Ɗanladi ya ce wanda ya yi wannan haɗin bai san aiki ba. Na ce haka ne. Ya gyara, na yi godiya.

Labarin gida kuwa, an cire albasar fadama, ta yi kyau fiye da bara. Rijiyar da ka faɗi a bakinta an yi mata murfi. Dije ta koma ɗakinta. Akuyarka ja ta haifi biyu. Inna tana takaba, ba ta fitowa sai alwala, ta rame amma tana cin abinci.

Da na dawo jiya na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta. Ta amsa daga bayan labule, sannan ta tambaye ni ko abin nan na cikin baƙar leda ne na je na sa. Ta ce ai ka gan shi tun da daɗewa, ranar da kake neman takardun mota. Ta ce ta so ta yi mini faɗa, ka hana ta. Ka ce a bar ni, kada a kunyata ni, zan fito da shi da kaina.

Wata guda kana tura mota da tsufanka, Baba, ka san yana nan. Kana amsa gaisuwata da safe, muna cin abinci a kwano ɗaya. Me ya sa ba ka zage ni ba? Me ya sa ba ka ɗauka ka jefa mini a gaban mutane ba?

Na fito da shi, kamar yadda ka ce. Na dai makara.

Gobe in Allah ya kai mu akwai lodi a Aliero, Malam Umaru ya ce in ɗaukar masa buhunansa. Zan je. Ban san yadda ake neman gafarar wanda ba ya amsawa ba, amma ina nema. Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Murtala