Ɗiyata Tana Amai, Yayata Tana Ɗaukar Bidiyo

Tanti Nafisa, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai raba ni da yayata har abada.

Ni tela ce a unguwar Banifandu nan Yamai, mijina direban taksi ne, ɗiyarmu guda, Iklima, ko shekara huɗu ba ta cika ba. Wata Lahadi ɗinki ya yi mini yawa, sai na bar ta ta bi Yaya Balkisa gidanta a Gamkalle, inda matan foyandinsu ke taron wata. Kin san foyandi: a ci, a sha, a yi rawa, a kora yara waje kada su dami mutane. Bayan gidan akwai garka da aka yi wa shinge da bi-ni-da-zugu. Yara suka tsinko ƴaƴansa suka fasa. Manyan suka ɗanɗana suka tofar, tawa kuwa ta tauna ta haɗiye, wai gujiya ce.

Sai amai da zawo ba tsayawa. Tanti, mata cike da tsakar gida, kowace da salula a hannu, amma ba wadda ta ce a tsayar da taksi! Yaya Balkisa sai ta ɗauki ɗiyata bidiyo tana kwance cikin amai, ta tura gurup ɗin mata na WhatsApp tana tambayar magani. Wannan ta ce manja, waccan ta ce madara, wata ta ce ruwan gishiri, wata ma ta ce bakin mutane ne a yi hayaƙi. Duk suka ɗura mata. Ni uwarta ko kira ba a yi mini ba. Mijina ne ya ga bidiyon a gurup ɗin direbobi, da rigar da na ɗinka mata da hannuna ya gane ɗiyarsa ce. Ki ji fa!

Muka ɗauke ta muka kai likitar gwamnati, jikinta ya saki kamar tsumma. Nan ma wani baƙin cikin. Kullum rediyo na cewa ana duba ƙananan yara kyauta, amma matar da ke karɓar mutane sai da ta gama abin da take yi a wayarta, sannan ta ɗago ta tambaye ni karne, wato littafin awon yarinya. Wa ke tuna karne ɗiyarsa na mutuwa? Ta ce mini sakaryar uwa, a gaban jama'a. Ruwan da za a ƙara wa Iklima babu, sai da babanta ya zagaya farmasi. Ba zan yi ƙarya ba, akwai wata ma'aikaciya da ta yi ta fama har ta sami jijiya, ba ta bar kanmu ba sai da Iklima ta buɗe ido. Allah ya saka mata. Amma sauran, Allah ya isa.

Iklima ta warke, alhamdu lillahi. Bidiyon ne bai mutu ba. Ya kai TikTok, an rubuta a kansa wai ga uwar da ta fi son kuɗin ɗinki a kan ɗiyarta. Masu kawo mini ɗinki sai su yi ta kallon yarinyar suna ƙus-ƙus.

Yaya Balkisa ta zo tana kuka, na rufe mata ƙofa. Innarmu tana ta kira daga Maradi wai in yi haƙuri, ai Yaya Balkisa ce ta riƙe ni tun zuwana Yamai, ita ta kai ni koyon ɗinki, ita ta yi mini aure. Na sani. Shi ya sa ma abin ya fi yi mini ciwo. Gamkalle dai ban sake takawa ba. An ce mini ƴaƴanta na nan suna wasa jikin shingen nan, ruwansu. Na riga na ɗauki saƙon murya, na kama sunanta da na matar nan da ta zage ni a likita, na zazzage musu tas. Dannawa kawai ya rage in watsa shi a WhatsApp. In tura?

Uwar Iklima, Banifandu


Ƙanwata, kada ki tura. Goge shi yau.

Kina da gaskiyar yin fushi, ba zan ce ki haɗiye ba. Yayarki ta yi kuskure babba har biyu: ta tsaya jiran amsar gurup maimakon ta nufi likita, kuma ta ɓoye miki. Amma ki lura, tambaya ta tura, ba tallar ki ta yi ba. Ruɗewa ce da tsoron haɗa ido da ke. Waɗanda suka kai bidiyon TikTok wasu ne daban. In kika saki muryarki, su ɗin za ki ba abin yayatawa, kuma sunan Iklima ne zai sake zagaya gari.

Ki sa yayarki ta yi magana a gurup ɗin da ta fara turawa, ta ce laifin nata ne, uwar yarinya ba ta wurin, kowa ya goge. Ku kai ƙorafi TikTok a kan bidiyon, tunda na ƙaramar yarinya ne. Ba zai ɓace duka ba, amma zai lafa.

Maganar likita kuwa, ke da mijinki ku je wurin majo, shugaban wurin, ku faɗa masa abin da aka yi muku. Ma'aikatan nan kaɗan ne, kayan aiki na yanke musu, amma wannan bai ba kowa damar zagin uwa ba. In kun je, ki nemi wadda ta sami jijiyar ki yi mata godiya a gabansa.

Ku kuma iyaye masu karatu: in yaro ya ci ɗan itacen da ba ku sani ba, kada ku ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada ku sa shi amai da ƙarfi. Ku karyo reshen, ku tafi da shi da yaron zuwa likita nan take.

Saura abu ɗaya, ƙanwata, kuma a nan ni ce ke fushi da ke. Kin ce yara na nan suna wasa jikin shingen, kin ce ruwansu. Ƴaƴan yayarki ƴaƴanki ne, kuma ke kaɗai kika ga yadda Iklima ta koma a kan gadon likita. Gobe ki rufe shago, ki ɗauki adda ki tafi Gamkalle. Ke da Balkisa ku sami mai garkar, a sare shingen ko a kewaye shi da waya. Ba sai kin yafe mata kafin ki je ba, ku dai fara da wannan.

Allah ya raya Iklima, ya huci zuciyarki, ya gyara tsakaninki da yayarki.

Tanti Nafisa